Ƙafar da Ba Ta Jin Ƙasa: Yadda Ake Auna Tangaɗi ga Masu Ciwon Suga

Jawabin da aka gabatar a taron 'yan Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya, NUT, a garin Sanyinna, ƙaramar hukumar Tambuwal

 



Kwamitin walwala ya ɗora mana nauyin yin magana a kan ciwon suga. Da muka duba, sai muka ga zancen abinci da allura da ƙwayoyi an sha yin sa a rediyo da dakunan shan magani, amma akwai wani lungu da ba a cika leƙawa ba, wato abin da ciwon ke yi wa tsayuwar mutum da tafiyarsa. Shi muka zaɓa. Mu malaman firamare ne, iyakar kimiyyarmu abin da muka ɗebo a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da abin da muka ƙara da karatu da tambayar ma'aikatan lafiya. Saboda haka ba za mu rubuta wa kowa magani ba. Amma awo sana'armu ce. Kullum muna auna yara, mu rubuta maki, mu kwatanta na bana da na bara, kuma abin da wannan al'amari ke buƙata ke nan.

Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya, a rahotonta na 2021, ta ƙiyasta cewa manya miliyan 537 ne ke ɗauke da ciwon, miliyan 24 daga cikinsu a yankin Afirka, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su san suna da shi ba. A nan gida, likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ciki har da Anas Sabir, sun auna Fulanin birnin Sakkwato da na karkara. Abin da suka wallafa a 2011 ya nuna kashi 4.6 cikin ɗari na mazauna birni na da ciwon, na 2013 kuwa ya nuna kashi 0.8 kacal a karkara. Jama'a ɗaya ce, zama ne ya bambanta. To mu malamai ina muka faɗa? A ƙauye muke kwana, amma rayuwarmu ta ɗan albashi ce: babur ya maye gurbin tafiyar ƙasa, shayi da burodi da lemun kwalba sun shigo, gonar ma sau da yawa ɗan ƙodago ke nome mana ita. Ga kuma dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2022, wadda ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki. Duk inda aka yi aiki da ita, ajin zai cika da malaman da suka ba hamsin baya, shekarun da ciwon ya fi nuna kansa.

A Hausa kalma ɗaya muke da ita, jijiya, ga abubuwa biyu mabambanta. Akwai jijiyar da jini ke bi, akwai kuma jijiyar da ke kai saƙo tsakanin gaɓoɓi da laka da ƙwaƙwalwa. Ta biyun muke nufi. Idan suga ya daɗe yana sama a cikin jini, yakan lalata waɗannan jijiyoyi da 'yan ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su. Kimanin rabin masu ciwon za su gamu da wannan a tsawon rayuwarsu. Jijiyar da ta fi tsawo ita ke fara taɓuwa, wadda ta fi kowace tsawo kuwa ita ce mai tasowa daga gindin baya ta sauka har yatsun ƙafa. Shi ya sa abin ke somawa daga yatsu, a ƙafafu biyu lokaci guda, yana haurowa sannu a hankali kamar mai sa safa. In ya kusa gwiwa sai yatsun hannu su soma. Wani zugi yake ji da dare, wani raɗaɗi kamar ya taka garwashi, wani yakan ce kamar a kan auduga yake tafiya. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne wanda ba ya jin komai, domin ba abin da zai kai shi asibiti.

Tsayuwar ɗan Adam kamar tukunya ce a kan murhu mai duwatsu uku. Dutse na farko ido, wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa ina bango yake, ina ƙasa. Na biyu wasu 'yan bututu masu ruwa can cikin kunne, masu auna juyawar kai da karkatarsa. Na uku shi ne jin da ke tafin ƙafa da idon sawu, wanda a kowane lokaci yake ba da labarin inda nauyin jiki ya karkata, tsokoki su gyara tun mutum bai ankara ba. Idan dutse na uku ya zaizaye, mutum yakan jingina da ido ba tare da ya sani ba, kuma da rana tsaka a kan daɓen siminti ba mai gane komai. Asiri yana tonuwa ne inda ido ya kasa: fita makewayi cikin dare, tafiya masallaci da asuba babu tocila, runtse ido wajen wanke fuska, lokacin da hazo ya rufe gari. Yana tonuwa kuma inda ƙasa ba ta da tabbas, a cikin rairayi, a kan kunyar gona, a santsin damina. Abin takaici, ciwon da ya ci ƙafar shi ne kuma ke kawo yana da lalacewar bayan ido, sai ya zama duwatsu biyu sun tafi tare.

Wani zai ce faɗuwa ai ba wani abu ba ce, wa bai taɓa faɗuwa ba? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan 684,000 ke mutuwa kowace shekara ta dalilin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe irin namu, kuma bayan haɗarin mota ba wani tsautsayi da ya kai ta kisa. Karayar ƙugu ga dattijo ba ta yi kama da targaɗen yaro ba. Ga mai suga kuwa, ko ƙujewa ce a ƙafa tana iya zama gyambon da zai kai ga yankewa. Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Yawancinmu a kan babur muke zuwa aiki, wasu kilomita masu yawa a hanyar burji. Giya da birkin baya duk da ƙafa ake taka su, kuma da ƙafa ake tokarewa idan an tsaya. Malamin da ba ya jin tafin ƙafarsa, ga yara biyu ya goyo, wannan ba matsalarsa ba ce shi kaɗai.

To, yaya ake aunawa? Matakin farko bai buƙatar komai sai baki. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta taƙaita shi a tambayoyi uku: ka faɗi a cikin shekarar da ta wuce? Kana jin kana tangaɗi in kana tsaye ko kana tafiya? Kana fargabar faɗuwa? Duk wanda ya amsa da i ga ɗaya daga ciki, ya cancanci a ci gaba da auna shi. Mu a wurinmu za mu so a ƙara tambayoyin da suka dace da zamanmu, domin dattijon ƙasar nan ba zai ce yana tsoron faɗuwa ba, ko da kuwa yana yi. A tambaye shi: silifas kan sulluɓe daga ƙafarka ba ka sani ba? In za ka wanke ƙafa a alwala kana iya ɗaga ta ba ka dafa ba? In ka ɗago daga sujada zuwa tsayuwa sai ka yi taku ɗaya ko biyu kafin ka daidaita? Ka daina zuwa wani wuri da ka saba zuwa da dare? Akwai wani abokin aikinmu da ya daina hawa benci don rubutu a saman allo, ya koma sa babban ɗalibi yana rubuta masa kwanan wata. Shekara guda ana yi masa kallon mai son jiki. Da aka auna, yatsu huɗu cikin shida ba ya jin an taɓa su.

Wannan gwajin yatsu shi ne mataki na biyu, kuma kowa a zauren nan zai iya yin sa yau da dare. Likita Gerry Rayman da abokan aikinsa na asibitin Ipswich a Ingila ne suka fito da shi a 2011. Mutum zai cire takalmi da safa, ya miƙe ƙafafu, ya rufe ido. Mai gwaji zai ɗora kan manuninsa a hankali a kan bakin babban yatsa, da na tsakiya, da ƙaramin, a kowace ƙafa, na daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. Ba dannawa, ba tsikari, ba shafawa, kuma ba a maimaita wurin da aka riga aka taɓa. Duk lokacin da ya ji, sai ya ce na ji. Idan biyu ko fiye daga cikin shidan suka wuce shi, jin ƙafarsa ya ragu. A asibiti da wani siririn zaren roba ake yi, wanda ke lanƙwashewa idan an danna shi da nauyin giram 10, sai kuma wani ƙarfe mai baki biyu da ake bugawa ya riƙa karkarwa, a ɗora a ƙashin babban yatsa. Tsofaffinmu da suka san asibitin kutare na Amanawa ba za su yi mamakin wannan ba, domin a wajen kula da kutare aka goge wannan ilimi. Paul Brand, likitan da ya yi aiki a Vellore ta Indiya daga baya ya koma Carville a Amurka, shi ya nuna cewa yawancin yatsun kuturu ba cutar ce ke cinye su kai tsaye ba, raunin da ba a ji ba ne ke taruwa, sannan ya kai wannan darasi ga ƙafar mai suga. Ƙa'idar likitoci ita ce a duba ƙafar mai nau'in suga na biyu tun ranar da aka gano ciwon, sannan kowace shekara. Mu tambayi kanmu, cikin masu zuwa karɓar magani duk wata, mutum nawa aka taɓa ce wa ya cire takalmi?

Mataki na uku shi ne tsayuwa. A nan dole mu yi gargaɗi: kada a gwada kowa sai a kusa da bango, da mutum mai ƙarfi tsaye a gefensa, hannuwa a shirye. Gwajin da ya fi tsufa na wani likitan Jamus ne, Moritz Romberg na birnin Balin, wanda ya bayyana shi a shekarun 1840 ga masu wata cutar laka. Mutum zai haɗe ƙafafunsa, ya tsaya ido buɗe, sa'an nan ya rufe ido kimanin daƙiƙa 30. Kowa yakan ɗan yi layi, wannan ba komai. Amma wanda ya tsaya daram ido buɗe, da rufe ido sai ya tafi luu kamar zai faɗi ko ya ware ƙafa don ya tsira, wannan ya nuna da ido yake tsaye. Wanda kuwa ko ido buɗe bai iya tsayawa, matsalarsa na iya kasancewa a ƙwaƙwalwa ko kunne, likita ne zai tantance.

Daga nan sai tsayuwa mai hawa huɗu, kowane hawa daƙiƙa 10, ido buɗe, ba dafawa. Ƙafafu a haɗe. Sannan ƙafa ɗaya ta ɗan wuce gaba, babban yatsan ta baya yana taɓa gefen tafin ta gaba. Sannan diddigen ɗaya a gaban yatsun ɗayar, kamar mai awon fili da taku. Sannan ƙafa ɗaya. Inda mutum ya kasa, a nan ake tsayawa. Dattijon da bai iya riƙe hawa na uku na daƙiƙa 10 ba yana cikin haɗarin faɗuwa. Masu gashin ƙashi sukan ƙara da tsayar da mutum a kan katifar soso, domin su rage wa ƙafa abin da take ji su ga me ya saura. Mu da ke tafiya cikin yashi kullum, wannan jarrabawar ƙasarmu tana yi mana ita ba tare da an rubuta maki ba.

Na huɗu shi ne tafiya, kuma a ganinmu shi ya fi dacewa da ƙungiya irin tamu, domin lamba yake bayarwa, lamba kuwa tana shiga rajista. Masu bincike biyu a ƙasar Kanada, Podsiadlo da Richardson, suka tsara shi a 1991. Ana ajiye kujera mai hannu, a auna mita 3 daga gabanta, a ja layi da alli. Mutum na zaune, ya jingina, sanye da takalmin da ya saba, da sandarsa in yana riƙe sanda. Da an ce tashi sai a danna agogon waya. Zai miƙe, ya taka har layin da saurin da ya saba, ya juyo, ya dawo ya zauna. Dattijon da ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye yana cikin haɗari. Amma kada mai agogo ya kafa wa waya ido. Ya dubi mai tafiyar: yana ware ƙafafu? Yana kallon ƙasa kaɗai? Ƙafar tana faɗuwa daɓas maimakon diddige ya fara sauka? Wajen juyowa taku nawa ya yi? A wurin juyawa da wurin zama ne mutane da yawa ke faɗuwa.

A asibitin da ke da sashen gashi za a iya yi wa mutum cikakken ma'aunin da Katherine Berg ta fitar a 1989, mai ayyuka 14, kowane da maki daga 0 zuwa 4, jimla 56. Yana da kyau, sai dai kamar jarrabawar da ta yi wa aji sauƙi ne: mai ɗan ƙarfi a jika zai iya cinye kusan duka makin alhali matsalar ta soma. Wannan ya sa ba mu yarda a dogara da gwaji ɗaya ba, ko namu ko nasu.

Ba kowane tangaɗi ne daga ƙafa yake ba, kuma wannan wuri ne da kuskure ke da tsada. Ciwon suga yakan taɓa jijiyoyin da ke daidaita bugun jini, sai mutum ya miƙe tsaye jini ya kasa hawa kai da wuri, ya ga duhu-duhu. Ana gane wannan da na'urar awon hawan jini: a auna yana kwance bayan ya huta minti 5, a sake bayan ya tsaya minti 1, da kuma minti 3. Idan lambar sama ta faɗi da 20 ko ta ƙasa da 10, a kai wa likita wannan takarda. Zafin bazara irin na ƙasar Sakkwato da ƙarancin ruwa a jiki suna ƙara shi, balle ga mai azumi. Akwai faɗuwar suga ƙasa da 70 a na'urar yatsa, mai zuwa da karkarwa da gumi da yunwa, wadda ta fi samun masu allurar insulin ko ƙwayar glibenclamide idan suka sha magani suka shiga aji ba su karya ba. Magungunan da ake bayarwa don zugin ƙafar kansu, irin su amitriptyline da pregabalin, suna sa jiri. Metformin kuma idan an daɗe ana sha yakan rage sinadarin B12, rashinsa kuwa shi ma yana kashe jijiya, kuma wannan ana iya gyarawa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a daina da ka. A tattara kwalayen duka, har da na kemis da na gargajiya, a zube su gaban likita.

Abu ɗaya ne ba ya jiran gwaji. Tangaɗin da ya zo farat ɗaya, tare da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu da ƙafa na ɓari guda, ko gani biyu-biyu, alamar shanyewar jiki ce. A nemi mota a nufi asibiti a lokacin, ba sai gari ya waye ba.

Wanda gwaji ya kama shi fa? Gaskiyar magana, jijiyar da ta riga ta mutu ba kasafai take dawowa ba, kuma duk mai tallar magani a kasuwa da ya ce zai tayar da ita cikin mako guda, kuɗinka yake so. Abin da ke yiwuwa shi ne a rage saurin lalacewar ta hanyar riƙe suga da hawan jini, a kuma ƙarfafa abin da ya saura. Tsayuwa abu ce da ake koyo, kuma atisaye yana gyara ta ko da jin ƙafa ya ragu: tashi da zama daga kujera ba dafawa, ɗage a kan yatsu ana riƙe da bango, tafiyar diddige gaban yatsu a gefen katanga, kaɗan-kaɗan kullum. A bar silifas a koma takalmi mai riƙe diddige, a zazzage shi kafin a sa. A daina taka ƙasa ba takalmi, musamman daɓen masallaci da azahar a watan bazara, wanda ke iya ƙona ƙafar da ba ta ji. A duba ido. A sa haske a hanyar makewayi. Addini ya yi rangwame ga wanda tsayuwa ke cutarwa ya yi salla a zaune, malamanmu na nan a tambaye su. Sanda kuwa, kakanninmu sun riƙe ta da alfahari, ba mu san ranar da ta zama abin kunya ba.

Mun san abin da ke hana mutane fitowa. Malamin da ke tangaɗi yana tsoron a ce ya sha wani abu, ko a ce ya taka asiri, ko labari ya kai ofis a fara yi masa lissafin ajiye aiki. Malama tana tsoron zancen gidan miji. Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma ƙungiya ce kaɗai za ta iya kawar da shi, idan ta tsaya a kan cewa sakamakon awo sirrin mai shi ne, kuma abin da ya kamaci malami mai wannan larura shi ne a matso da shi makarantar kusa da gida, a ba shi kujera a gaban aji.

Saboda haka, Malam Shugaba, muna gabatar da roƙo ga reshe. Sau ɗaya a shekara, a taron da ya fi kusa da 14 ga Nuwamba, Ranar Ciwon Suga ta Duniya, a gayyato ma'aikacin lafiya da ma'aikaciya su zo da na'urar suga da ta hawan jini. A ware aji biyu, na maza da na mata. Kujera da alli da tef ɗin awo namu ne. Kowa a ba shi katinsa ya tafi da shi, babu kwafi a ofishin kowa, ya dawo da shi baɗi a kwatanta. Wanda sakamakonsa ya nuna matsala a ba shi takarda zuwa Babban Asibitin Tambuwal, in ta kama a wuce da shi Sakkwato, asusun walwala ya taimaka da kuɗin mota. A kuma aika wa iyayenmu 'yan fansho, su zo a fara da su. Muna roƙon sakatare ya sa wannan cikin abubuwan da za a tattauna kafin a tashi, kuma masu son a nuna musu gwajin yatsu da na kujera su same mu a aji na kusa da ofishin hedimasta bayan sallar azahar.